Farin Zaren da Ya Ƙetare Shinge

Duk wanda ya taɓa shiga gandun renon itatuwa da ke bayan tashar mota ya san Uwar Dashe, in bai riƙe fuskarta ba ya riƙe muryarta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta, kuma ba ta san a miƙe a yi gaisuwa ba. Tana duƙe kan ledojin da take renon dashe a ciki za ta amsa maka, idonta na kan aiki. Ka kuskura takalminka ya taɓa layin dashenta, ranar sai ka ji abin da ko uwarka ba ta taɓa faɗa maka ba. Ana haƙuri da bakin nata ne saboda abu ɗaya: dashen da ya fito daga hannunta ba ya mutuwa. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta reni dashe don ya mutu, kuma a kansa ta fi zuba ƙwarewarta.

Ba a cikin aikin ta tashi ba. Ubanta tela ne, ta girma cikin ƙyallaye da ƙarar keken ɗinki, abin da ta sani game da bishiya shi ne wannan na da inuwa, waccan ba ta da ita. Aure ne ya kai ta gidan da ke gindin tudu, wurin wani siririn mutum da ake ce wa Dogo, ma'aikacin gandun, mai hawa bishiya ya ɗebo iri. Mutum ne da in ya buɗe baki sau biyu a yini to ya yi surutu. Ita kuwa Allah ya hore mata harshe, sai zaman ya zo daidai, tana zuba yana murmushi.

Tudun da ke bayan gidan daji ne a lokacin, na dogayen itatuwan katako masu ganye siri-siri, waɗanda 'yan gandu ke kira mai-allura. Mahaifin Dogo ne ya dasa su, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Dogo da wansa, ba a raba ba. Tana amarya Dogo ya hau da ita can wata safiya. Ta ɗauka wani abin kirki zai nuna mata, sai ga shi ya durƙusa yana ture busasshen ganye, yana tonon ƙasa da yatsu kamar kaza. Ya ɗago da dunƙulen baƙar ƙasa mai sanyi, farin zare ya saƙe ta ko'ina, ya nannaɗe bakin ƙananan saiwoyi.

"Fumfuna," ta ce, ta ja da baya. "Wannan ƙazantar ka taso ni in gani?"

"Ba don ita ba, da babu dajin nan," in ji shi.

Ranar dai Dogo ya yi surutun shekara guda. Ya ce saiwa kauri gare ta, ba ko'ina take iya shiga ba. Zaren nan shi ke kutsawa tsakanin tsakuwa da tsakuwa, ya tsotso ruwa da abincin ƙasa ya miƙa mata. Ita kuma bishiya, zaƙin da ganyenta ya haɗa a rana sai ta sauko da shi ta ƙarƙashin ɓawo har cikin saiwa, ta biya shi ladansa. Shi ba ya ganin rana, ita ba ta iya tono, kowa na ci a hannun ɗan'uwansa. Kuma zaren ba ya tsayawa a bishiya ɗaya, yakan fita daga wannan ya kama waccan, har ɗan ƙaramin da ya tsiro a inuwa ya samu ya maƙale a jikinsa. Naman kazan da ke fitowa da damina kuwa, shi ne dai yake leƙo kansa waje.

"To ai ciniki ne kawai," ta ce, don 'yar tela ta san ciniki. "Ni dai ka wanke hannun nan kafin ka taɓa ni."

A hankali ta fara bin sa gandu, tun tana kai masa abinci har ta fara cika leda. Nan ta ga yadda ake yi. Ƙasar da za a zuba a leda sai an gasa ta tukuna a rabin durom, a kan wuta, don a kashe tsutsa da irin ciyawa da cutar da ke ruɓar da ƙafar dashe. Amma wuta ba ta zaɓe, har abin kirkin take kashewa. Saboda haka in ƙasar ta huce, kowace leda sai a ƙara mata cikin tafi ɗaya na ƙasar da aka ɗebo daga gindin tsohuwar bishiya, mai zaren a ciki. Ƙasar gindi suke ce mata. Hannu ne ke koya wa hannu wannan, kuma babu mai tsayawa a kanka ya ga ka sa ko ba ka sa ba.

Wan Dogo kuwa, wanda ake kira Mai Zarto, shi sai itace ya kwanta yake ganin kyansa. Ƙato ne mai dariya da dukan cinya, irin mutumin da zai ci abincinka ya yaba, ya tafi da cokalin. Yana da injin yankan katako da lasisinsa, da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya wadda sai an tura take tashi. Ya daɗe yana kallon tudun nan yana haɗiyar yawu, Dogo na ce masa a'a cikin sanyin murya.

Sai ciwon ƙirji ya kwantar da Dogo. Aka kai shi babban asibiti a birni, ya daɗe a kwance, ita tana jinya da 'yarsu a goye. Wata rana ta dawo gida ɗaukar kayan sawa. Tun daga kwanar titi ta ga sararin sama a inda ba ta saba ganinsa ba. An yi wa tudun aski, sai kututture da warin ɗanyen katako, injin kuma ya iso layin ƙarshe, wanda ke jikin shingen bayan gidanta. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. Ta je ta zauna a gindin bishiyar da ke gaban injin, ta juyo da yarinyar ta ba ta nono. Masu aikin suka kalli juna, suka kashe injin. Layin nan ɗaya shi ya tsira, ya zama itatuwanta, shinge ya raba su da sauran tudun.

"Haba ƙanwata, don maganinsa na yi," in ji Mai Zarto, yana share zufa. "Ko so kike in zuba ido ɗan'uwana ya mutu?"

Ko ƙwayar magani ɗaya ba ta ga ta fito daga katakon nan ba. Sabuwar mota dai ta gani.

Da aka sallamo Dogo, ta yi ta jan sa da hira a hanya don kar ya duba waje. Ya leƙa ta tagar mota, ya daɗe yana kallo. "Yaya ya yi aiki," ya ce. Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba har ya koma ga Allah, kafin daminar ta fita. Likita ya ce huhu ne, ita kuwa ta san abin da ta sani. A wurin zaman makoki babu wanda ya kai Mai Zarto kuka, sai da aka rirriƙe shi. Tana daga ɗaki tana jin sa, kuma a nan ta ƙudurta a ranta cewa muddin tana numfashi, tudun nan ba zai ƙara ba shi ko tsinken sakace ba.

Aka ba ta gurbin mijinta a gandu. Da aikin ta ciyar da 'yar, ta sa ta makaranta, har yarinyar ta zama ma'aikaciyar jinya ta koma birni. Ita uwar kuwa manema sun fito mata, wani direba har ya daɗe yana zarya, ta tambaye shi ko ya san bambancin ƙasa mai rai da matacciya, ya ce ƙasa ai ƙasa ce, bai sake ganin haƙorinta ba. Shekarun nan duka ba ta taɓa fasa gaida Mai Zarto ba. "Ina kwana, Yaya," har da rusunawa. Mutane na cewa kai, matar nan baki gare ta amma ba ta da riƙo. Ba su sani ba, riƙon nata na nan a ajiye, tana ba shi ruwa safe da yamma tare da sauran dashenta.

Tudun kuma ya yi ta lalacewa. Aka tone kututturan aka yi gawayi, dabbobi suka tattake wurin, ruwan sama ya riƙa kwashe baƙar ƙasar shekara bayan shekara har aka kai ga ja mai tauri. Wata damina laka ta gangaro ta toshe titi, ta shiga shagunan mutane har gwiwa. Sai a lokacin ofishin gandun daji ya farka daga barci. Malamin daji ya gaya wa Mai Zarto ya mayar da itatuwa a tudun, kuma su kama. In aka zo dubawa aka tarar babu, za a karɓe filin, a soke lasisinsa. A lokacin gemunsa ya yi fari, kuma 'ya'ya da jikoki duk a kan injin nan suke ci.

Ya zo gandu ya tsugunna a gefenta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ƙanwata, wurinki na zo. Kowa ya ce in ba hannunki ba, babu abin da zai kama a jar ƙasar nan."

Ta ci gaba da cika leda don kar ya ga fuskarta. Wani daɗi ne ya taso mata tun daga ciki.

"Yaya, ai ko ba ka zo ba aikina ne. Tudun mahaifinku ne. Ka bar mini, da hannuna zan rene su, ba wanda zai taɓa."

"Allah ya yi miki albarka. Da ma na san ba ki da riƙo."

"Ina ni ina riƙo, Yaya."

Ta cika alkawari, ba wanda ya taɓa. Ta gasa ƙasar har ta yi ƙauri, ta juya ta sake gasawa. Ta cika ledoji ba ta sa ko ƙwayar ƙasar gindi ba. Ta jera su can ƙuryar gandu a kan tebura, ƙarƙashin rumfar leda, don kar gindinsu ya taɓa ƙasa zaren ya hau. Butar ban ruwansu daban ce, kuma sai ta wanke hannu da sabulu kafin ta shiga wurinsu, ita da ko abinci za ta ci sai an tuna mata. Takin zamani ta riƙa jiƙawa tana ba su kaɗan-kaɗan, suka taso kore shar, gwanin kyau. Ta san dashe ne da ya saba a ɗura masa a baki, ranar da aka daina, ba shi da wanda zai nemo masa.

Abokiyar aikinta, wata doguwar mata da ake ce wa Rediyo saboda ba a san inda ake kashe ta ba, ta leƙo rumfar wata rana.

"Ke, ban ga kin je ɗebo ƙasar gindi ba."

"Na ɗebo."

"Yaushe? Ni da ko kaza ta gifta sai na gani?"

"Ranar da kika je a cire miki haƙori. Da ma harshen suka cire, da mun huta."

Rediyo ta tuntsire da dariya, maganar ta bi ruwa.

Da ruwa ya sauka aka dasa. Mai Zarto ya kwaso 'ya'yansa da surukai, suka jera layi-layi tun daga shingenta har ƙolin tudu. Watannin farko sai sambarka. Da takin cikin ledar ya ƙare kuwa, sai suka tsaya cak, ba su mutu ba, ba su ƙara ko ɗan yatsa ba. Koren ya koɗe ya koma rawaya, allurar ta gajarce, kowanne ya takure a raminsa. Rani na shiga, na ƙoli suka fara bushewa.

Uwar Dashe ta fito da kujerarta ƙofar baya. Da can ba ta iya kallon tudun nan, ko shanya za ta yi baya take ba shi. Yanzu nan ne wurin shan shayinta. Ba zan yi mata kara ba, daɗi ta ji, irin wanda ba ta ji ba tun mutuwar Dogo, har kumatu ta yi. Tana kallon tsohon yana hawa da jarkoki, yana tsayawa ya dafa ƙugu, yana watsa taki ruwa na wanke shi. Ya sayar da motar ya sayi tankin ruwa. Dariyar nan ta dukan cinya ta ɗauke, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A gari aka fara cewa hannun Uwar Dashe ya fara tsufa, ta ji, ko a jikinta, don a wurinta sunan nan da araha ta sayar da shi.

Wata yamma ya tumɓuko ɗaya ya miƙo mata ta saman shinge.

"Duba mini, ke kika san su. Me ke damunsu?"

Ta karkaɗe ƙasar, ta juya saiwar a tafinta. Tsirara take, ja, ko ɗigon fari babu. Ta daɗe tana kallo, ba don ba ta gane ba, sai don kar kallon ya ƙare.

"Ƙasar ce ta gaji, Yaya. Ka ƙara taki, ka ƙara haƙuri. Allah ya kawo sauƙi."

Da damina ta zagayo sai ta lura da layin dashensa da ke jikin shingenta. Sun yi duhu. Ta ce inuwa ce ke yaudarar ido. Bayan 'yan makonni suka fitar da sabon toho, dogo mai laushi, na bayansu ma suka fara sauya launi. Ta jira Mai Zarto ya tafi kasuwa, ta ɗaga wayar shingen ta kutsa, ta tona gindin ɗaya da yatsu. Ga shi nan, fari fat, ya nannaɗe saiwar. Ta bi shi da tono tana rarrafe, ya bi da ita ta ƙarƙashin shinge, ya kai ta gindin itatuwanta.

Ta miƙe, ta ɗaga kai ta kalle su.

"Munafukai!" ta ce da ƙarfi. "Ni na zauna a gindinku da goyo, inji na kuka a kunnena. Shi ya kwantar da 'yan'uwanku kuna kallo. Yau ku ne masu kai wa nasa abinci a ɓoye?"

Iska ta kaɗa, suka yi shuu ɗinsu kamar kullum. Maƙwabciya ta leƙo ta ga da wa ake faɗa, ba ta ga kowa ba, ta koma.

Ta ari diga da shebur, ta ce wa mutane lambatu take yi saboda ruwa. Mace da furfurarta ta haƙa rami tsawon shingen nan, zurfinsa har cinya, ta datse duk saiwar da ta tarar. Bayanta ya riƙe, sai da ta yi kwanaki ko tsintsiya ba ta iya duƙawa ta ɗauka. Tana kwance aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya gangaro da laka da ganye ya cike ramin. Kafin ta samu ƙarfin sake tonowa, farin abin ya saƙe cikin ruɓaɓɓen ganyen ya ƙetare, kore ya ƙara hawa.

Mai Zarto, da bai san komai ba, ya tsaya a bakin shinge yana washe baki.

"Ƙanwata, kin ga ikon Allah? Na kusa da ke su suka kama, albarkar hannunki ce ke bin su. Da suna samun rana sosai ma da sun fi haka, inuwar manyan nan na danne su. Amma wallahi ban ce a taɓa ba, na san na waye."

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta yi tunani irin na 'yan gandu. Zaren ba ya aikin banza, sai an biya shi. Ƙananan nan ba su da ganyen da za su biya, manyanta ne ke ciyar da shi, shi kuma yana ɗaukar nauyin ƙananan da ƙarfin abin da ya ci a gidanta. In zaƙi ya daina sauka, zaren zai mutu, kore ya tsaya, ranar dubawa malamin daji ya tarar da tudu rawaya. Kuma ta san yadda ake hana zaƙi sauka. Ba sai an sare bishiya ba. A kewaye ta da adda, a ɗaye ɓawon faɗin tafin hannu, shi ke nan an raba sama da ƙasa.

Ta yi kwanaki tana juya abin. In ka cire 'yarsa, itatuwan nan su kaɗai suka rage mata na Dogo masu rai, kuma tana son su, so na gaske, wanda ba ta taɓa nuna wa mutum irinsa ba. In ta tuna haka sai ta mayar da addar bayan ƙyaure. In ta leƙa ta ga tsohon yana shafa kan dashe yana yi musu magana, sai ta sake ɗauko ta. Ranar da ta jiyo ya daki cinya yana dariya, ranar ta wasa ta.

Da hantsi ta yi, ba ta ɓoye wa kowa ba. Ɓawon kauri gare shi, sai ta sara sama, ta sara ƙasa, ta sa bakin adda ta ɓanɓare. Ƙaro ya riƙa tsattsafowa yana manne mata a yatsu, da ƙamshin nan da ke kama rigar mai hawa. Ta yi kuka har majina, amma ba ta fasa ba. Tana gama ɗaya ta matsa ta gaba, har ƙarshen layin.

'Yarta ta zo hutun ƙarshen mako. Ta fita baya za ta shanya tawul, ta dawo da shi a hannu.

"Mama, wa ya yi wa itatuwan Baba haka?"

"Ni."

"Ke? Me suka yi miki?"

Ta gaya mata komai, tun daga gashin ƙasa, tana faɗa tana jiran a ce ta kyauta. Yarinyar ta zauna a dokin ƙofa, tawul ɗin a cinyarta.

"Ni ban san shi ba, Mama, sai a hoto. In na zo gidan nan wurinsu nake fara zuwa, in ce na gaida Baba. Baffa ya yanke rabonsa ya haɗa da na Baba, na ji, Allah ya isa. Waɗannan fa? Nawa ne. Kin tambaye ni?"

"Don ubanki na yi."

"Shi ya ce ki yi?"

'Yar ba ta kwana ba, motar yamma ta bi.

Bishiyar da aka yi wa zobe ba ta mutuwa nan take. Suka tsaya kore wata da watanni kamar ba a yi komai ba, sannan ƙoli ya fara ja, jan ya riƙa saukowa. Allura ta yi ta zuba a tsakar gida, a kan kwano, a cikin ruwan sha, iska na kwasar sauran tana shimfiɗa wa tudun. Uwar Dashe na kan kujerarta tana jiran rawaya, shayi na hucewa a hannunta.

Rawaya ba ta zo ba. Tunaninta daidai ne, lokaci ne ya riga ta. Layukan farko sun riga sun yi ganyen da za su biya zaren da kansu. Yanzu ga rana ta buɗe musu, ga ganyen manyan ya rufe musu ƙasa yana riƙe laima, ga babu manyan saiwoyi masu shanye ruwan. Suka zabura, suka miƙa wa na bayansu, na baya suka miƙa gaba, kore ya riƙa hawa tudu tana kallo, har wurin waɗanda ta riga ta yi wa ta'aziyya. Malamin daji ya zo ya zaga, ya ce a cike gurbin na ƙoli, sauran ya gamsu. Fili ya tsira, lasisi ya tsira. Rediyo ce ta kawo mata labarin da zafinsa, tana cewa ai yau duk gari sunanki ake kira.

Nata itatuwan suka bushe ƙayau. Reshe ya faɗo ya huda kwanon kicin. Maƙwabta suka fara magana, don ɗaya ta karkata wajen ɗakin yaransu. Dole a sauke su, kuma mai inji da lasisi ɗaya ne a yankin.

Ba ta aika masa ba, shi ya zo da kansa wata safiya, injin a kafaɗa. Ya ajiye shi a ƙofar baya, ya tuɓe takalmi, sai ga ƙaton tsoho ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ƙanwata, shekara da shekaru ina son in gaya miki wani abu, bakina ya kasa. Abin da na yi wa ƙanina, ba don magani na yi ba. Kin sani, na sani. Ban taɓa zaton za a yafe mini ba, har na haƙura zan tafi da shi kabari. Sai na wayi gari na ga kin kashe itatuwansa da hannunki don nawa su sha rana. Ranar na ce ashe an yafe."

"Ban yafe ba," ta ce.

Ya ɗago kai.

"Ban yafe ba, Yaya, ba kuma zan yafe ba. Dashen da na ba ka gasasshiyar ƙasa ce zalla. Na hana su zaren da zai ciyar da su don su mutu a hannunka. Waɗannan suka ci amanata, suna ba su ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa na kashe su. So na yi a karɓe filin, a soke takardarka, ka mutu kana kallon jar ƙasa. Ka ji, ko in sake?"

Da ƙarfi ta faɗa, don maƙwabta su ji. Ta jira ya tashi ya zage ta, ya ɗaga hannu, ya yi wani abin da za ta samu ta riƙe.

Ya kalle ta, ya juya ya kalli tudun da ke kore har sama. Sai ya share ido da hannun riga, ya yi 'yar dariya.

"Zare. Wai bishiya na kai wa bishiya abinci ta ƙasa." Ya girgiza kai. "Ke dai ba kya son godiya, ko da ƙarya ce sai kin kore ta. Haka shi ma yake, Allah ya jiƙansa. To na yi shiru. Amma ni na san abin da idona ya gani, kuma jikokina sai sun sani."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki injin.

"Shiga ciki kar reshe ya same ki. Ba zan karɓi komai ba, har faskare zan yi miki in jera a kicin."

Ba ta shiga ba. Ta tsaya riƙe da ƙyaure tana neman abin da za ta ƙara faɗa, babu, ta riga ta zazzage duka. Ya taka injin da ƙafa, ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ta roƙi Allah da dukan zuciyarta kar ya tashi. Ya sake ja, ya tashi.